Sunana a Bakin Lasifika

Ranar Lahadi ce, azumi yana kwana biyu. Ina tsugune a tsakar gida ina wanke mayafina a baho, sai na ji an ƙwala kiran sunana daga sama.

"Khaulat! Khaulat 'yar Malam Mahmudu!"

Na ɗaga kai na dubi ƙofa, babu kowa. Daga lasifikar bayan katangarmu muryar ta fito, ta sabuwar cocin nan da aka buɗe a tsohon siton siminti. Muryar kuwa ko daga barci aka tashe ni na san mai ita. Tiyofil ne, mutumin da na shekara uku ina rigima da danginmu a kansa.

A shekarar nan da aka karya darajar kuɗinmu sefa, duk namijin da aka sallama daga aiki a Douala hanya biyu gare shi. Ko ya nemi babur ya shiga bensikin yana ɗaukar fasinja, ko ya nemi lasifika ya zama fasto. Namu na bayan katanga da can mai gyaran firij ne. Ya ɗaure lasifikarsa a kan rufin kwano, ya saita bakinta kan unguwar Hausawa ta New Bell kamar mu muka aike shi.

Suna da wata al'ada da suke ce wa temwanyaj. Duk Lahadi kafin azahar sai mutum ya miƙe gaban jama'a, a ba shi mikiro, ya amayar da zunubinsa tas, su kuma su tafa masa. Mun ji mashayi, mun ji ɓarawon kaji, mun ji matar da ta zuba wa maƙwabciyarta kananzir a rijiya. Gwaggo Iyatu, ƙanwar Babana da ta raine ni tun rasuwar Innarmu, har rediyo take kashewa don kada kalma ɗaya ta wuce ta. Tana ji tana tsaki, tana kuma ƙara matsar da kujerarta jikin katanga.

To, yau an kawo mata na gida.

Da Faransanci yake maganar, wani ƙato yana juya ta da Fijin, Turancin kasuwa, don kada wata tsohuwa a unguwar ta ce ba ta gane ba.

"'Yan'uwa," in ji shi, "shekara uku ina ɗauke da wuta a ƙirjina. Shaiɗan bai zo mini da ƙaho ba, da mayafi ya zo mini. Tana nan bayan katangar nan. Allah shaida ne ko yatsanta ban taɓa riƙewa ba. Amma idona ya kalle ta, zuciyata ta yi sha'awarta safe da yamma, kuma fasto ya buɗe mini ido na gane cewa wanda ya yi sha'awa a zuci, a wurin Ubangiji ya riga ya faɗi. Abin da ya rufe mini ƙofar aiki a Bonabéri ke nan. Yau na fito da zunubina fili!"

Cocin ta ɗauki ihu. Fasto ya karɓe mikiro ya ce kowa ya miƙa hannunsa wajen katanga. Mutum kusan ɗari biyu suka juyo suna yi wa bangon banɗakinmu tsawa, "Wuta! Wuta! Wuta!"

Sabulu ya suɓuce mini. Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka.

"Innalillahi! Shi ke nan, kin kashe mu. Tun ran farko na faɗa! Ga tukuicin soyayyar ɗan ƙabilar Basa nan an miƙa miki a gaban duniya."

"Gwaggo, ba ki ji ya ce ko yatsana bai riƙe ba?"

"Wa zai tuna da wannan? Sunanki aka ji, sha'awa aka ji. Sauran duk iska ta kwashe."

Abin haushin, gaskiya ta faɗa.

A tsallaken kwatar layinmu aka haifi Tiyofil, Hausa a bakinsa ta fi ta wasu 'yan gidan liman. Shekara biyu Baba yana cewa a'a. Daga baya ya sassauta, ya ce in yaron ya gama karatunsa wajen liman, ya karɓi Musulunci don ra'ayin kansa, to bayan Sallah ya turo manya. Duk Alhamis yana zuwa karatun, har watan jiya da masana'antar sabulun da yake wa aiki ta sallami rabin ma'aikatanta, da shi a ciki. Daga nan ya ɗauke ƙafa daga zauren liman, ya koma bayan katanga. Na yi ta yi masa uzuri, ina cewa zafin rashin aiki ne, zai huce.

Baba ya shigo. Tsohon akawun jirgin ƙasa ne, ba ya gaggawar magana. A fuskarsa na ga ya ji komai tun daga bakin masallaci. Ya cire takalmansa ya jera su.

"Khaulat, akwai abin da ya kamata in sani wanda ban sani ba?"

"Babu, Baba."

"To, ɗauki mayafinki, ya faɗi ƙasa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

*

Washegari na gane cewa a unguwarmu ciki ne kawai yake azumi. Daga ƙofar gida zuwa inda nake shiga taksin zuwa aiki a Akwa bai fi tafiyar minti biyar ba, amma sai da na ji kamar na taka gadar kogin Wuri da ƙafa. Matan da ke layi a famfo suka yi shiru lokaci ɗaya. Ina wucewa wata ta ce, "A matsa, ga wuta nan," suka kwashe da dariya da busassun leɓunansu. Ita mai maganar kowa ya san ta taga mijinta ya fara shiga gidansu, amma da yake ba a faɗa a lasifika ba, Hajiya ce.

Bayan la'asar sai ga Alhaji Ɓoɓɓo. Dillalin shanu ne daga Ngaundere, wanda yake sauke su a tarago ya raba wa mahauta. Sau biyu yana neman aurena, sau biyu ina ce wa Baba ban so, Baba kuma bai taɓa tilasta mini ba. Yau ya zo da sabuwar babbar riga, da muryar ta'aziyya. Ina bayan labule ina jin su.

"Modibbo, ni ba na bin maganar mutane," in ji shi da Hausarsa ta Fillo. "Yarinya ko me ya faru, ya faru. Ni zan rufa. Don Allah zan yi, ba don komai ba."

"Me za ka rufa, Alhaji?"

"To, abin da aka ji."

"An ji wani ya faɗi abin da ke ransa. Ban ji abin da 'yata ta yi ba."

Ɓoɓɓo ya yi murmushin nan nasa. Na san murmushin. Haka yake yi wa saniyar da ta karye a tarago, wadda ya tabbatar babu mai ja da shi a kanta.

Yana fita Gwaggo ta faɗo zauren.

"Yaya, wallahi kada ka yi wasa da wannan dama! Yarinya ta kai ashirin da shida, sunanta ya hau kan kwano. Wa kake jira, gwamna? Mutum ya zo da mutuncinsa zai ɗauke mana kunya."

"Ban ga kunyar da za a ɗauke ba, Iyatu."

"Kai ba ka zuwa famfo!"

Ta dawo kaina tana kuka tana fyace hanci da gefen zani, wai ta raine ni da hannunta, wai Innata tana kabari ba ta san abin da na jawo ba. Ƙosan buɗa baki na ci gaba da soyawa har na ƙona kasko guda.

*

Ranar Talata da rana na fito daga ofishinmu na Akwa, inda nake buga takardu a keken rubutu. Sai ga Tiyofil a jikin sandar lantarki, da farar riga da wani ƙaramin littafi a hammata. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Wawuyar zuciyata ta buga kamar yadda ta saba, na ji kamar in ciro ta in taka.

"Khaulat, s'il te plaît, don Allah ki saurare ni."

"Ai an saurare ka. Har unguwar Nkululun an saurare ka."

"Ba ki san abin da nake ji ba. Wata guda ba na barci. Fasto ya ce zunubi kamar ƙurji yake, in ba a tsaga shi ba ruɓewa yake yi. Daga ido yake farawa, ya gangara zuciya, ya yi saiwa, ya toshe wa mutum duk hanyoyinsa."

"Ƙurjinka ne ko nawa? Me ya sa da ka tashi tsagawa a jikina ka sa wuƙar?"

"Ban ce kin yi komai ba! Kowa ya ji na ce ban taɓa ki ba!"

"Merci beaucoup. In buga shi a takarda in manna a goshi?"

Hawaye suka zubo masa. Wani mai taksi ya rage gudu yana kallonmu, na juya masa baya.

"Fasto ya ce in ban kira jarabar da sunanta ba, ba za ta sake ni ba. Dole a ambace ta a fili."

"Jarabar. Wato ni."

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa, da harshe biyu. Tiyofil, ka tuna shekarar da aka rufe gari? Babu taksi, babu kasuwa, ana ƙona taya a kowace mararraba. Ka rako ni da ƙafa daga New Bell har nan, kana gaba ina baya, ka ba ni hankicinka in toshe hanci. Ashe Shaiɗan kake rakiya duk kwanakin nan?"

"Kada ki ce haka, Allah yana ji."

"Kai kuma da ka faɗi naka ba ya ji sai da lasifika? Kurma ne?"

Ya durƙusa a gefen titi, a gaban masu sayar da jarida, yana kuka kamar an yi masa rasuwa.

"Ina sonki. Abin da ke kashe ni ke nan. Na ɗauka in na faɗa zai fita, bai fita ba. Ina rufe ido ke nake gani, sai in ce na sake faɗuwa. Ban san inda so ya ƙare sha'awa ta fara ba, Khaulat, ban sani ba! Liman ya ce in runtse ido, fasto ya ce in gudu, ni kuma ƙafata nan take kawo ni."

"Tashi, kana tara mini mutane. Ko shi ma temwanyaj ne?"

Ya miƙe yana share fuska da hannun riga.

"Ke kina da aikinki, ba za ki gane ba. Tun da aka sallame ni ko kujera ba wanda ya miƙo mini. Amma ranar nan, da na sauko, mutum ɗari biyu suka miƙe tsaye saboda ni. Suna tafi, suna rungume ni, suna kirana ɗan'uwa."

Na kalle shi da kyau. Hawayen ba su bushe ba, amma fuskar ta yi wani haske da na daɗe ban gani ba. Shekara uku ban taɓa raina shi ba sai a minti ɗin nan.

"Sun tafa maka da sunana," na ce. "Allah ya ƙara kasuwa."

Na tare taksi na shige tsakanin wata mai kwandon kifi da wani ɗan sanda. A nan na yi nawa kukan, ba sauti, mai kifin tana ce mini "asiya", wato sannu, ba tare da ta san dalili ba. Ina sonsa, kuma na tsani kaina saboda haka.

*

Ranar Laraba da safe, kafin in fita aiki, aka yi sallama. Mama Sidoni ce, uwar Tiyofil, wadda ta shekara talatin tana sayar da bobolo a bakin layinmu, wato rogon nan da ake naɗewa a ganye. Babu ɗan unguwar da bai ci na hannunta ba. 'Yar Katolika ce, ba ta taɓa taka cocin bayan katanga ba. Ta shigo da baƙin tabo a tsakiyar goshi.

Gwaggo ta kalle ta sama da ƙasa.

"Sidoni, ko fuska ba ki wanke ba kika zo mana?"

"Toka ce, Iyatu. Yau muka fara namu azumin."

Ta wuce ta kai gwiwa ƙasa a gaban Baba. Tsohuwa mai ciwon ƙafa, sai da na ji ƙarar gwiwar.

"Subhanallahi, tashi, Madam. Khaulat, ba ta kujera."

"Bar ni a nan, Malam. Ni na haife shi, ni zan ɗauki kunyar. Na zo in ce asiya, in kuma faɗa muku abin da ya yi ba haka aka koya mana ba, ko da yake da sunan addininmu ya yi."

Ta juyo gare ni.

"Ma fille, 'yata, shekara hamsin ina zuwa gaban Fada ina faɗin zunubina. A kunne ake faɗa, ta bayan labule, ko na kusa da ke ba ya ji. Wata rana na ce, Fada, na yi fushi saboda mijina ya yi kaza. Sai ya tare ni. Ya ce, Sidoni, mijinki yana da ƙafa, zai zo da kansa, faɗi naki. Tun ranar ban ƙara kai masa sunan kowa ba."

Gwaggo ta buɗe baki, Baba ya ɗaga mata hannu.

"Jaraba ba zunubi ba ce," in ji Mama Sidoni. "Almasihu ma an jarabce shi a jeji kwana arba'in, bai faɗi ba. Zunubi shi ne ka buɗe ƙofa, ƙofar kuma a ƙirjinka take, ba a fuskar 'yar mutane ba. Namiji ya ga mace ya so ta, ya biyo ta ƙofar ubanta, ina laifi a nan? Sha'awar banza ita ce ka ɗauki mutum kamar kaya, ka biya buƙatarka da shi, ka wuce. Shekara uku ɗana bai yi wa yarinyar nan haka ba. Ranar Lahadi ya yi mata, a gaban jama'a, suna tafa masa."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Kwana uku ina neman sunan abin da aka yi mini, sai ga shi a bakin mai bobolo.

Baba ya gyara zama a kan tabarma.

"Mu a wajenmu, abin da Allah ya rufa wa bawa ba ma so bawan ya buɗe da kansa, balle ya haɗa da 'yar wani. Madam, azumin naku kwana nawa ne?"

"Arba'in."

"Me kuke bari?"

"Kowa abin da ransa ya fi so. Ni nama na bari, da tabar hanci."

"To, ki ce masa ya bar sunan 'yata. Kwana arba'in daga yau kada ya fito daga bakinsa, da alheri ko da sharri, a coci ko a titi. Unguwar nan na san ta, in aka yi shiru kafin Sallah sun sami wani su ci namansa. In ya iya, ya zo zauren nan mu zauna, addinin da ya tsaya a kai ma in ji daga bakinsa. In bai iya ba, kada ƙafarsa ta ƙara taka ƙofar gidana."

"Yaya!" in ji Gwaggo. "Bayan duk abin da ya yi? Alhaji Ɓoɓɓo fa?"

"Alhaji yana da haƙuri, shi da kansa ya ce don Allah zai yi."

Mama Sidoni ta kama hannuna ta miƙe da ƙyar. Da yamma ta dawo ta ce Tiyofil ya ji, ya yi kuka, ya rantse.

*

Lahadin farko lasifika ta yi ta ihu a kan wani mai caca, ba wanda ya ambace ni. Kafin mako ya zagayo, wani ɗan bensikin ya gudu Yawunde da babur ɗin surukinsa, matan famfo suka koma kansa. Ranar Juma'a har mai cewa ga wuta nan ta tambaye ni inda na sayi atamfata. Kullum da yamma Mama Sidoni tana aiko mana da bobolo mai zafi na buɗa baki, Gwaggo tana tsaki tana cin biyu.

Ni kuwa ina soke kwanaki da biro a kalandar ofis. Ba zan ɓoye ba, na fara sa rai. A kowace sujada abu ɗaya nake roƙo, Allah ya sa Tiyofil ya gane cewa laifin nasa ne.

Lahadi ta biyu Mama Sidoni ta biyo ta gidanmu daga cocinsu. Muna zaune muna tsince waken ƙosai, Baba yana kan tabarma da littafinsa, Gwaggo tana jikin katangarta. Aka gama waƙe-waƙe, mikiro ya yi ƙara.

"'Yan'uwa, ni ne Tiyofil."

Hannun Mama Sidoni ya tsaya a cikin faranti.

"Seigneur, ya Ubangiji, kama bakinsa," ta ce a hankali.

"Mako biyu da suka wuce na tsaya a nan na ce na fito da zunubina. Ƙarya na yi, sabon zunubi na ɗauka. Uwata ta buɗe mini ido. Na ɗora kayana a kan wadda ba ta ci ba, ba ta sha ba. Jarabar a cikina take, 'yan'uwa, ba a bayan katanga ba!"

Kalmomin da nake roƙo ne, ɗaya bayan ɗaya. A raina ina cewa tsaya nan, don girman Allah tsaya nan, miƙa musu mikiro ka sauka.

"Yarinyar nan ta fi ni tsarki sau dubu. Da bakinmu muka ɓata sunanta, da bakinmu za mu wanke shi. Ku faɗa tare da ni! Khaulat!"

"Khaulat!" in ji mutum ɗari biyu.

"Ban ji ba! Khaulat 'yar Malam Mahmudu!"

Suka maimaita har kwanon ɗakinmu ya amsa. Sau uku. Sannan tafi ya ɓarke, wanda ya ninka na farko, har da ganga.

Daga gidan maƙwabta na ji wata ta sheƙe da dariya tana kiran 'yar'uwarta, "Fito, fito, an sake sa fim ɗin!"

Baba ya rufe littafinsa a hankali.

"Kwana goma sha ɗaya," ya ce.

Mama Sidoni ta rufe fuska da zaninta. Wake ya watse a ƙasa, ba wanda ya duƙa ya tsince. Ko Gwaggo, da bakinta ba ya hutu, kallona kawai take yi.

Ba a yi minti goma ba aka buga ƙofa. Baba ya miƙa hannu wajen takalmansa.

"Baba, ku zauna, kuna azumi. Ni zan je."

Na buɗe ƙyaure ɗaya. Tiyofil yana tsaye yana haki, farar rigar ta jiƙe da gumi, fuskarsa kamar ta yaron da ya ci jarrabawa.

"Kin ji? Na wanke ki! A gaban kowa na wanke ki!"

"Na ji. Duk New Bell ta ji."

"To me ya sa kike kallona haka? Ba abin da kike so ke nan ba?"

"Shi ne. Kwana goma sha ɗaya ina roƙon Allah ka gane shi."

"To na gane!"

"Abu ɗaya aka ce ka yi, Tiyofil. Ba a ce ka kawo sadaki ba, ba a ce ka sami aiki ba. Cewa aka yi ka yi shiru."

"Amma gaskiya ce na faɗa! Yaya za a yi in bar ƙarya a tsaye kwana arba'in? A inda na ɓata, a nan zan gyara, haka ya kamata. Kullum na shiga wurin nan sai in ga mikiro yana kallona. Na kasa ci, na kasa addu'a. Malam zai fahimta, bari in shiga in yi masa bayani."

Na tare ƙofar da jikina.

"Sun tafa maka?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Na ce sun tafa maka?"

Ya so ya kama murmushin, amma ya riga ya kuɓuce masa.

"Har fasto sai da ya yi hawaye," ya ce.

Ta saman kafaɗarsa na hango ƙarshen layi. Mata sun fito ƙofa-ƙofa da ludayi a hannu. A tsakiyarsu Alhaji Ɓoɓɓo ne tafe da dattawa biyu, ya tattare babbar riga yana tsallake kwata, ko gaggawa ba ya yi.

Na mayar da ƙyauren. Sai a lokacin Tiyofil ya gane. Na ji ya jingina goshinsa a jikin katakon, ya kira sunana ƙasa-ƙasa, yadda yake kira a da, babu lasifika, babu mai fassara. Hannuna yana kan sakata, ya ƙi turawa, ya ƙi saki.

Na ji tafin hannu mai kaushi a kan nawa. Mama Sidoni ce, hawaye na bin kumatunta.

"Kada ki buɗe masa, ma fille," ta ce.

Mu biyu muka tura sakatar.